Abin da ɗan ƙaramin kifi ke bayyanawa game da tasirin tabar wiwi a ƙwaƙwalwa

A ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i da dama a Amurka da Kanada da Turai da Birazil, akan ga wani farantin roba da bai fi tafin hannu girma ba, mai ƙananan ramuka 96. A kowane rami akan zuba ruwa kaɗan, a saka ɗan kifi guda ɗaya mai kwana 5 a duniya, wanda tsawonsa bai wuce milimita 4 ba. Daga nan sai a ɗiga sinadarin tabar wiwi a wasu ramukan, a bar wasu da ruwa zalla, a rufe farantin cikin akwati mai kyamara. Fitila na kunnuwa tana mutuwa, kwamfuta kuma na lissafa nisan da kowane kifi ya yi iyo, da saurinsa, da lokacin da ya tsaya cak.

Sakamakon irin wannan gwaji yana cikin hujjojin da ake kafawa da su a muhawarar da ta raba kan gwamnatocin duniya. Yurugwai ta halatta wiwi a 2013, Kanada ta bi sahu a 2018, Jamus kuma ta sassauta dokarta a 2024. A Disambar 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukunin ƙwayoyi mafi haɗari na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi amincewa. Binciken da ofishin Majalisar mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya. Masu neman a halatta ta da masu neman a tsananta hukunci duk sukan ce bincike ya goyi bayansu. Shi ya sa yake da amfani a san yadda ake yin binciken, da abin da ya gano, da inda ƙarfinsa ya tsaya.

Dalilin zaɓar wannan kifi

Ana kiran sa kifin zebira saboda ratsin da ke jikinsa, mai kama da na jakin dawa. Asalinsa daga ƙoramu da gonakin shinkafa na Indiya da Bangaladash da maƙwabtansu ne, kuma babbansa bai cika wuce santimita 4 ba. George Streisinger na Jami'ar Oregon ne ya shigo da shi fagen binciken kimiyya a shekarun 1970, kuma aikin da ya wallafa a 1981 ya jawo hankalin sauran masana gare shi.

Abubuwa da yawa ne suka sa ya karɓu. Mace ɗaya na iya zuba ɗaruruwan ƙwai a mako. Ɗan tayin yana girma ne a cikin ruwa, a wajen jikin uwa, kuma jikinsa garau yake kamar gilashi, ta yadda mai bincike zai iya kallon zuciya da ƙwaƙwalwa da laka suna haɗuwa a ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu. Zuciyarsa na fara bugawa bayan kusan awa 24, yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3, a kwana na 5 kuma yana iyo yana neman abinci. Abin da zai ɗauki makonni a jikin ɓera, ko watanni a cikin mace, a nan ana ganin sa kafin mako ya zagayo. Kiwonsa ma ya fi na ɓeraye arha nesa ba kusa ba.

Babban dalilin kuwa shi ne dangantakar halitta. Lokacin da aka kammala karanta jerin ƙwayoyin gadonsa a 2013, ƙarƙashin jagorancin Cibiyar Sanger ta Ingila, an gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikin wannan kifi. A cikin waɗanda aka san suna da alaƙa da cututtuka, adadin ya haura kashi 80.

Tsarin da jiki ya riga ya tanada

Tsiron wiwi na ɗauke da sinadarai sama da 100 da ake kira kanabinoyid. Biyu ne suka fi shahara. THC shi ne mai sa maye, kuma Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni ne suka tantance siffarsa a Isra'ila a 1964, da wiwin da suka samo daga hannun 'yan sanda. CBD kuwa ba ya sa maye, an fara ware shi a Amurka a 1940, kuma shi ne ake sayarwa yau a matsayin mai da alewa da man shafawa a ƙasashe da dama.

Shekaru da yawa ba a san ta inda THC ke kama ƙwaƙwalwa ba. A 1988 Allyn Howlett da William Devane suka nuna cewa akwai wani makarɓi na musamman a jikin ƙwayoyin jijiya da sinadarin ke maƙalewa. An sa masa suna CB1. A 1993 aka gano na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. Tambayar da ta biyo baya a fili take: me ya sa jiki zai tanadi makarɓi domin sinadarin wani tsiro? Amsar ta zo a 1992 da 1995, lokacin da aka gano cewa jiki na ƙera nasa kanabinoyid ɗin, wato anandamid da 2-AG.

Aikinsu ya yi kama da na birki. Idan ƙwayar jijiya ɗaya ta cika aika wa wata saƙo, mai karɓar saƙon sai ta saki waɗannan sinadarai, su koma baya su kama CB1 na mai aikawa, su sa ta rage. Da zarar sun gama, wasu sinadaran sai su narkar da su. Ta haka jiki ke daidaita tsoro, da jin yunwa, da raɗaɗi, da barci, da ajiye abu a ƙwaƙwalwa. THC yana kama wannan makarɓin ne a ko'ina lokaci guda, kuma yana daɗewa, ba tare da jiki ya nema ba.

Kifin zebira yana da wannan tsari kusan gaba ɗaya: CB1, da CB2, da sinadaran da ke ƙerawa da masu narkarwa. CB1 na bayyana a ƙwaƙwalwarsa tun a kwanan farko. Gwajin da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa idan aka dakushe wannan makarɓi a ɗan tayin kifin, zaren jijiyoyin da ke tsirowa sukan kauce hanya, su kasa haɗuwa yadda ya kamata. Ke nan tsarin yana da hannu a ginin ƙwaƙwalwar kanta tun kafin ya fara daidaita aikinta.

Yadda ake auna halin kifi

Kifi ba ya faɗin abin da yake ji, saboda haka masana na dogara ne da ɗabi'unsa na asali. Idan aka saka babban kifin zebira a tankin da bai sani ba, yakan nutse ƙasa ya lafe, sai ya saki jiki sannan ya fara hawowa sama. Magungunan rage fargaba da ake ba mutane sukan sa ya hawo da wuri, abubuwan da ke tayar da hankali kuma su sa ya daɗe a ƙasa. Tsawon lokacin da ya yi a sama shi ne ma'aunin fargabarsa.

Ga 'ya'yan kifi, akan kashe fitila farat ɗaya, sai su ƙara saurin iyo, in haske ya dawo su lafa. Akwai kuma gwajin firgita: ƙara ko taɓi na sa ɗan kifin ya lanƙwashe jiki ya zabura cikin ƙiftawar ido, ta hanyar wasu manyan ƙwayoyin jijiya guda biyu da ke ƙasan ƙwaƙwalwarsa. Ana kuma auna yadda yake bin garke, da yadda yake tuna wurin da ya taɓa samun abinci.

Abin da aka gano

Darasin farko shi ne yawan sinadarin na iya juya sakamako. Masana a Jami'ar Leiden ta Holan sun ruwaito a 2013 cewa THC da wasu kanabinoyid biyu na ɗakin gwaji suna sa 'ya'yan kifi rawar jiki idan an ba su kaɗan, amma idan aka ƙara sai motsinsu ya mutu. Da aka haɗa da wani sinadari mai toshe CB1, tasirin ya ragu, abin da ya nuna ta wannan makarɓin ake bi. Kifayen da aka daɗe ana ba su kuwa sun fara sabawa, kamar yadda jikin mai shan wiwi ke sabawa har ya nemi ƙari.

Na biyu ya shafi fargaba. A 2014 Adam Stewart da Allan Kalueff sun bar manyan kifaye cikin ruwa mai THC na minti 20, sai kifayen suka rage hawowa sama, suka riƙa iyo a hankali a ƙasan tanki, alamar da ake fassarawa da ƙarin fargaba. CBD ya nuna wata siffa ta dabam a wani bincike na Birazil a 2015. Matsakaicin kaso ya kwantar wa kifin da hankali, kaso mai yawa bai yi hakan ba, sai ma ya taɓa ƙarfin tunawarsa.

Na uku ya shafi tunawa. Masana a Jami'ar Bonn ta Jamus sun gano a 2014 cewa THC na hana kifin tuna wurin da ya saba samun abinci, alhali bai hana shi tuna launin da aka koya masa ba. Ke nan sinadarin na taɓa wasu sassan ƙwaƙwalwa fiye da wasu. An ga irin wannan rauni na tuna wuri a ɓeraye ma.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kusa da maganar taɓin hankali. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco a 2021 ya nuna cewa THC mai yawa na sa babban kifi ya riƙa kewayawa a da'ira ba ƙaƙƙautawa. Da aka ba shi sulpiride, maganin da likitoci ke ba masu taɓin hankali, kewayen ya ragu. Wannan bai nuna kifin ya haukace ba. Abin da ya bayar shi ne hanyar bin diddigin sinadaran ƙwaƙwalwa da ke da hannu a lamarin. A ɓangaren mutane, wani babban bincike da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare da dama na Turai da Birazil, wanda aka wallafa a 2019, ya gano cewa masu shan wiwi kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba yiwuwar kamuwa da taɓin hankali da kusan ninki 3, idan kuwa wiwin mai ƙarfi ce, kusan ninki 5.

Ɗan tayi ya fi kowa rauni

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ne sakamakon gwaje-gwajen ya fi dacewa da juna. Ɗakin binciken Declan Ali a Jami'ar Alberta ta Kanada ya saka ƙwayayen kifi cikin THC ko CBD na kusan awa 5 kacal, a daidai lokacin da ɗan tayi ke shimfiɗa tubalan jikinsa, sannan aka mayar da su ruwa mai tsabta. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna bugun zuciya ya ragu, jiki ya gajarce ko ya karkace, jijiyoyin da ke sarrafa tsoka sun yi rassa ba bisa ƙa'ida ba. 'Ya'yan kifin sun rage zabura idan sun ji ƙara, duk da cewa suna zabura idan an taɓa su. Awa 5 ta bar tabon da ya ci gaba bayan sinadarin ya gushe.

A shekarar dai, ɗakin binciken Kristine Willett a Jami'ar Mississippi ya ba da rahoton kumburi a kewayen zuciya, da karkacewar gadon baya, da nakasar muƙamuƙi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kason CBD da ya kashe rabin 'ya'yan kifin ya kai kusan kashi ɗaya bisa bakwai ne kawai na kason THC da ya yi hakan. Sinadarin da ake tallatawa a matsayin mara illa, saboda ba ya sa maye, shi ne ya fi yi wa ɗan tayin kifi lahani.

Wannan ya dace da abin da aka sani game da mutane. THC na ratsa mabiyiya ya kai ga jariri, yana kuma shiga ruwan nono. Rahoton Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka a 2017 ya sami hujja mai ƙarfi da ke danganta shan wiwi lokacin goyon ciki da haihuwar jariri mara nauyi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi masu juna biyu da masu shayarwa su guji THC da CBD duka.

Inda ya zama magani

Shi wannan CBD ɗin yana da wata fuskar. Akwai wata farfaɗiya mai tsanani da ke kama yara tun suna jarirai, ana kiranta ciwon Dravet, wadda galibi ke faruwa saboda tangarɗa a wata ƙwayar gado guda ɗaya. Scott Baraban na Jami'ar Kalifoniya ya nuna a 2013 cewa kifin zebira mai irin wannan tangarɗa yana yin farfaɗiya da kansa: yakan zabura da gudu, ya yi ta jijjiga, ya faɗi a gefe. Tun daga nan ake gwada ɗaruruwan magunguna a kansa cikin ɗan lokaci. Gwaje-gwaje a Kanada da Mississippi sun nuna CBD da wasu 'yan'uwansa na rage alamun farfaɗiya a 'ya'yan kifi.

Amma hujjar da ta sa aka amince da CBD a matsayin magani daga mutane ta fito. A gwajin da aka wallafa a 2017, wanda ya ƙunshi yara da matasa 120 masu ciwon Dravet, yawan farfaɗiyar wata-wata ya sauka daga 12.4 zuwa 5.9 ga waɗanda aka ba CBD, alhali ga waɗanda aka ba maganin bogi daga 14.9 ya koma 14.1 kawai. A Yunin 2018 Amurka ta amince da maganin, mai suna Epidiolex. Tataccen sinadari ne da likita ke aunawa yana duba hantar mara lafiya. Bai da alaƙa da naɗin ganye da ake sayarwa a lungu, wanda ba wanda ya san abin da ke cikinsa.

Iyakar abin da kifi zai iya faɗa

THC da CBD ba sa narkewa a ruwa da sauƙi, kuma sukan manne a jikin roba, don haka abin da ya shiga jikin kifi yakan gaza abin da aka zuba. Sai an narkar da su cikin wani sinadarin, wanda shi ma yana iya sauya halin kifin. Kifi yana kwana cikin maganin ne yana tsotsa ta fata da kafofin numfashi, mutum kuwa zuƙa yake yi ko ya ci. Saboda haka miligiram kaza a lita ɗaya ba ya fassaruwa kai tsaye zuwa naɗi kaza a rana.

Fassarar motsi ma tana da wuya. Kifin da ya rage iyo mai yiwuwa ya natsu ne, ko barci ya kama shi, ko tsokarsa ta samu matsala. Ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta da irin ɓawon nan mai hawa-hawa da ɗan Adam ke tunani da yanke shawara da shi. Ba ruwan kifi da zaman kashe wando, ko matsin abokai, ko fargabar kamun jami'an tsaro, alhali duk waɗannan suna da hannu a yadda wiwi ke shafar rayuwar matashi.

Tarihin wannan fanni ya nuna haɗarin dogaro da dabba kaɗai. Turai ta amince da rimonabant a 2006, maganin rage ƙiba mai toshe CB1, wanda ya yi aiki sosai a ɓeraye. A 2008 aka janye shi saboda yana jefa mutane cikin baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai. A Janairun 2016, a birnin Rennes na Faransa, mutum ɗaya ya mutu wasu kuma suka samu rauni a ƙwaƙwalwa yayin gwajin wani magani da ke hana narkewar anandamid, bayan ya riga ya wuce matakin gwaji a dabbobi.

Abin da ya shafi masu tsara doka

Doka ma na da hannu a irin binciken da ake iya yi. Daga 1968 har zuwa 2021, Jami'ar Mississippi ce kaɗai ke da izinin gwamnatin tarayyar Amurka na noma wiwi domin bincike, kuma masana sun daɗe suna kukan cewa abin da ake ba su bai kai ƙarfin wanda ke kasuwa ba. Gwaji a kifi na buƙatar sinadari ɗan kaɗan, wannan ya sa ya fi sauƙi a inda samun izini ke da wahala.

Amfanin kifin ya ƙaru da bayyanar kanabinoyid na ɗakin gwaji, waɗanda ake fesawa a busasshen ganye a sayar. THC yana kunna CB1 ne rabi-rabi, su kuwa da yawansu suna kunna shi har ƙarshe, shi ya sa suke jawo farfaɗiya da suma da mutuwa. A Saliyo, inda shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024 kan ƙwayar da ake kira kush, gwaje-gwaje sun gano irin waɗannan sinadarai a cikinta, tare da wasu masu ƙarfi daga dangin opiyoyid. Sababbin nau'o'i na fitowa da saurin da ya fi ƙarfin dokoki, kuma ba za a iya gwada su a jikin mutum ba. Masu binciken guba a Turai na amfani da 'ya'yan kifin zebira domin gano abin da jiki ke mayar da su, ta yadda za a iya gane su a fitsarin wanda aka kawo asibiti.

Abin da gwaje-gwajen suka taru a kai shi ne kalmar wiwi ta ƙunshi abubuwa da yawa da ba su da hukunci ɗaya. Sinadari guda yana rage farfaɗiya a ɗan kifi mai kwanaki, yana kuma nakasa ɗan tayi mai awanni. Kaso kaɗan na tayar da motsi, kaso mai yawa na kashe shi. Dokar da ta raba tsakanin maganin asibiti, da tsiron da ake nomawa domin masana'antu, da ganye mai ƙarfin THC, da gubar da ake fesawa, ta fi kusa da abin da binciken ya nuna. Gana ta bi wani sashe na wannan hanya, inda dokarta ta ba da damar noma nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, domin masana'antu da magani kaɗai.

Duk lokacin da ɗan majalisa, ko ɗan kasuwa, ko mai fafutuka ya ce bincike ya tabbatar da wani abu game da wiwi, akwai tambayoyi huɗu da suka kamata a yi masa. Wane sinadari aka gwada? Nawa aka bayar? A wane mataki na rayuwa? Sannan a jikin wa aka yi gwajin: kifi, ɓera, ko mutum?